Yadda ake warware sunayen garuruwa da kogunan Ailan

A galibin allunan hanya a Jamhuriyar Ailan, suna biyu za ka gani: na Turanci, da na harshen ƙasar, Gaeilge. In ma'ana kake nema, na biyun za ka karanta, domin na Turancin galibi sauti kawai ya kwaikwayo. Tsakanin 1824 da 1846 aka yi babban awon taswirar ƙasar, kuma a nan ne rubutun Turancin sunaye da yawa ya zauna, da aikin masana irin su John O'Donovan.

Fara da gaɓar farko. Bally daga baile yake, wato gari ko mazauni, kamar yadda muke cewa Unguwar wane ko Gidan wane. Dún ganuwa ce, shi ya sa Donegal, Dún na nGall, ke nufin ganuwar baƙi. Cork kuwa daga kalmar fadama ta fito.

Inda ake tafka kuskure shi ne Kil. Cill coci ne, coill kuma daji, amma Turanci ya haɗe su a rubutu ɗaya. Kilkenny cocin waliyyi Cainneach ne, Kiltimagh kuwa daga coillte, dazuzzuka. Haka ma ford. Mai jin Turanci zai ɗauka maƙetarar ruwa ce, alhali a Waterford da Wexford kalma ce ta 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, mai nufin lungun teku. Longford ma ba doguwar maƙetara ba ce, longfort ne, sansani.

Dublin sunaye biyu ne na wurare biyu da suka haɗe. Dubh Linn, baƙin tafki, shi ne inda rafin Poddle ke shiga kogin Liffey, kuma nan 'yan Viking suka kafa sansani a 841. Baile Átha Cliath, garin maƙetara mai saƙaƙƙun tsumagu, wanda shi ne sunan birnin a Gaeilge, yana can sama kaɗan da shi a kan kogin Liffey.

Sunayen koguna sun girmi na garuruwa nesa ba kusa ba, sun kuma fi wuyar fassara. Shannon, mafi tsawo a tsibirin, mai kimanin kilomita 360, tatsuniya ta danganta shi da wata abar bauta, Sionann. Boyne kuwa tun ƙarni na 2 masanin labarin ƙasa Ptolemy ya rubuta shi Bouvinda, masana na fassara shi da farar saniya.

Kafin ka yanke hukunci kan kowane suna, duba tsofaffin rubuce-rubucensa a logainm.ie, rumbun sunayen wuraren Ailan na intanet.