Mai Hango Mafi Muni, Shi Ma Yana da Bangaskiya?

Rifkatu: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Yaya Bitrus muna tare da Baba Fasto, a kan wata magana da ke ci wa masu bi da yawa tuwo a ƙwarya. Akwai mutumin da halinsa ne hango mafi muni a kowane al'amari, kullum zuciyarsa a ɗarare. Baba, bangaskiyarsa ce ta gaza?

Baba Fasto: 'Yata, bari Bitrus ya fara, na ga bakinsa na motsi.

Bitrus: Baba, ni dai nassi nake gani a fili. A Matiyu sura 6 Yesu ya ce kada mu damu da abin da za mu ci ko abin da za mu sa, har ya nuna mana tsuntsayen sama. Bulus ma a Filibiyawa 4:6 ya ce kada mu damu da komai. To in mutum ya kwana ya tashi cikin zullumi, ba rashin biyayya ba ne?

Baba Fasto: Ayoyin nan gaskiya ne, ɗana, ba zan rage musu ko wasali ba. Amma Bulus yana ina ya rubuta wa Filibiyawa?

Bitrus: Yana kurkuku.

Baba Fasto: Yauwa. Shi ne kuma ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙa ta biyu 1:8, cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa. Wanda ya san wannan nauyin ne ya ce kada a damu. Kuma bai tsaya nan ba, ya ce a kai wa Allah roƙo tare da godiya. Wato ya nuna inda za a kai kayan, bai ce babu kayan ba.

Rifkatu: Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake amfani da ayar. Mutum ya buɗe cikinsa, sai a ce masa "ka dai ba da gaskiya". Ya zo da damuwa ɗaya, ya koma da biyu, don yanzu ga laifi a kansa.

Baba Fasto: Shi ya sa nake ƙaunar Toma, ɗaya daga cikin almajiran Yesu. Mutane shakkarsa kawai suke tunawa. A Yohanna 11, da Yesu ya ce za su koma ƙasar Yahudiya saboda abokinsa Li'azaru da ya mutu, almajirai suka tuna masa cewa ba a daɗe ba aka nemi jajjefe Yesu a can. Sai Toma ya ce wa 'yan'uwansa, mu ma mu tafi mu mutu tare da shi. Ku duba fa, bai hango komai ba sai mutuwa, amma ya tashi ya bi. Ni a wurina wannan bangaskiya ce, mai nauyi ma kuwa.

Bitrus: Amma Baba, ai hangensa bai zama daidai ba. Rai suka je suka gani, ba mutuwa ba, don Yesu ya ta da Li'azaru.

Baba Fasto: Rabinsa ya zama daidai. A wannan surar ce shugabanni suka ƙulla shawarar kashe Yesu. Toma ya ga haɗarin sarai, abin da bai gani ba shi ne abin da Allah zai yi a cikin haɗarin. Nan ne ciwon mai mummunan zato yake: lissafinsa na tsayawa a kan masifa, ba ya sa Ubangiji a ciki.

Rifkatu: To ina iyakar take, tsakanin hangen nesa da damuwar da aka hana?

Baba Fasto: Yusufu ya san yunwar shekara 7 na tafe a Masar, sai ya tara hatsi. Hangen da ke sa ka tashi ka yi wani abu, hikima ce. Wanda ke hana ka barci, kana ta juya abu ɗaya a rai ba tare da ya haifi ko aiki ko addu'a ba, shi ne Yesu ke so ya raba mu da shi. Ka lura kuma, a Matiyu 6:34 bai ce gobe babu wahala ba, cewa ya yi wahalar yau ta ishi yau.

Bitrus: Na karɓi wannan. Tsorona dai kada mutum ya fake da "haka halina yake" ya daina sa bege.

Baba Fasto: Tsoronka na kan hanya. Amma begen Kirista ba tabbacin cewa komai zai tafi yadda muke so ba ne. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce wa Sarki Nebukadnezzar, wanda ya yi barazanar jefa su a wuta, Allahnsu na da ikon cetonsu, ko da bai cece su ba kuma, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, babu kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, duk da haka addu'a ce, domin da Allah mai ita yake magana tun daga ayar farko.

Rifkatu: Baba, wanda abin ya wuce hali fa, ya zama ciwo? Ba ci, ba barci, ƙirji na bugawa.

Baba Fasto: Ya je wurin likita, kuma kada kowa ya ce masa ya kasa. Da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa faɗa ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Sai daga baya Allah ya gyara masa lissafi, ya ce ba kai kaɗai ka rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin nan Ba'al ba. Charles Spurgeon, babban mai wa'azin nan na Ingila, ya yi fama da baƙin ciki mai tsanani shekara da shekaru, musamman bayan turmutsitsin da ya kashe mutum 7 a taron wa'azinsa a 1856, kuma bai ɓoye wa ikkilisiyarsa ba. In kuma har tunanin kashe kai ya fara shigowa, a gaya wa wani na kusa a ranar, kada a jira Lahadi.

Bitrus: Mun gode, Baba. Jama'a, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.