Ungulu na cin ruɓaɓɓen mushe ta kwana lafiya, to ta yaya guba ke kashe ta?

[Hoto: rufin kwata da hantsi, babu tsuntsu ko ɗaya]

Ku dubi rufin nan da kyau. Duk wanda ya haura shekara talatin, kuma ya taɓa bin babansa kwata sayen kayan ciki, ya san abin da ya saba zama a kansa. Ungulaye ne jere reras, sun noƙe wuya kamar tsofaffin da ke jiran a raba goro, mahauta na jefa musu abin da ba a so. Yau sai kwano da rana.

Duk lokacin da hoton matattun ungulaye ya yi yawo a waya, aka ce guba suka ci, sai ka ji wani ya ce: "Haba Malam! Tsuntsun da ke cin mushen da ya kwana uku a rana, warinsa har unguwa ta gaba, bai ko yi ciwon ciki ba, shi za a ce guba ta kashe?" Tambayar tana da ma'ana, kuma a kanta za mu fi daɗewa yau.

Amma tukuna, a gurguje. Ungulun da ke zama a rufin kwata, mai jaja-jajan fuska, ita ce ungulun gari, wadda muka fi sani. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a sahun da ya fi kowane haɗari ga dabbar da har yanzu ke raye a daji. Ungulun da muke kora da dutse, ita.

[Zane: cikin ungulu]

To, ga cikin nata. Ruwan da ke narkar mata da abinci asid ne mai ƙarfin gaske, ya kusa ruwan batirin mota. Mushe kuwa abin da ke sa shi cutarwa ƙwayoyin cuta ne, irin na cutar saifa da makiyaya suka sani, da sauran danginsu. Ƙwayar cuta abu ne mai rai. Tana da ɗan jikinta, tana ci, tana hayayyafa. Da ta faɗa cikin wannan asid, galibi sai ta narke, magana ta ƙare. Shi ya sa ungulu ke cinye dabbar da cuta ta kashe, galibi cutar ta tsaya a cikinta.

Guba fa? Guba sinadari ne, ba shi da ran da asid zai ɗauke.

Bari in kawo misali daga madafa. Kin ɗebo ruwan rafi, kin tafasa, an sha lafiya, domin wuta ta kashe ƙwayoyin da ke ciki. Yanzu a zuba fiya-fiya a tukunyar, a tafasa har sau uku. Wa zai sha? Ni dai ba da ni ba. Tafasawar ta yi aikinta a kan mai rai, ta bar sinadarin yana nan. Cikin ungulu tamkar wannan tukunyar yake. Gubar tana ratsa shi ta shiga jini, kamar yadda za ta yi a jikin kaza ko na mutum.

Abin da aka fi amfani da shi maganin ƙwarin gona ne, irin su kabofuran. Ana barbaɗa shi a kan mushe. Aikinsa a jijiyoyi yake, yana hana su sakin jiki bayan sun motsa. Sai tsuntsu ya kama kakkarwa, fikafikai su ƙi ɗaguwa, numfashi ya sarƙe. Sau da yawa cikin mintoci ne. Ku tuna hoton matattun ungulayen da ke yawo a waya: gawarwakin sun yi wa mushen zobe, wasu da nama a baki. Ko tashi ba su samu yi ba.

Saura tambaya ta biyu, me ya sa ake samun su da yawa haka lokaci guda?

Hausawa suka ce ungulu ba ki jewar banza. Ashe su ma ungulayen sun san da wannan karin maganar. A sama kowace tana kallon ƙasa da ido ɗaya, tana kallon 'yar'uwarta da ɗayan. Da ɗaya ta fara sauka, ta nesa ta gani ta biyo, wadda ke bayan wannan ma ta biyo, har daga nisan kilomita masu yawa. Dabarar da ke sa su share gawar saniya kafin ƙudaje su gama taruwa, ita ce ke tara su duka a kan akushi ɗaya ranar da aka sa guba.

[Taswira: Botswana]

Watan Yuni na 2019, a Botswana, an tsinci gawar ungulu 537. Giwaye uku kacal aka sa wa guba. Masu farautar haure ne ake zargi, kuma dalilinsu zai ba ku haushi: jewar ungulu a sama tana nuna wa masu gadin daji inda aka kashe giwa, shi ne suke kashe mai tona asirin.

[Taswira: Guinea-Bissau]

Farkon 2020, a Guinea-Bissau, nan Afirka ta Yamma, fiye da ungulu 2,000 suka mutu, irin tamu ta gari. An tarar da wasu babu kai. A nan labarin ya iso ƙofar gidanmu, domin kowa ya san layin masu kayan tsibbu a kasuwa, ya kuma san abin da ake shanyawa a can. Wai kan ungulu na ba da sa'a, yana sa a hango abin da ke tafe. Ra'ayina ne, amma da kan nan na hango gobe, ai da mai shi ta hango mai barbaɗa gubar. An dai yi wa mai saye ungulu da kan zabo, sai dai wannan karon kan ma na ungulun ne. Wani nazari da aka wallafa kan ungulayen Afirka ya gano cewa guba da cinikin sassan jikinsu su ke da kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen da aka rubuta. Akwai kuma makiyayin da kura ta yi wa ɓarna, ya sa wa mushe guba don kura. Shi bai nufi ungulu ba, amma ita ke riga kowa zuwa.

Idan har yanzu akwai mai shakka, mu leƙa Indiya, domin can ba ma guba aka sa ba. Magani ne. Diklofenak, wannan dai da ake sha don ciwon jiki. A shekarun 1990 aka riƙa yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da sauran maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta tsaya. Za ka gan ta a reshe ta sunkuyar da kai kwana da kwanaki, sannan ta faɗo. Sai a 2004 masana suka gano musabbabin, Indiya ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya yi yawa, karnukan titi suka samu abinci suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Wani ɓangaren da ya tsaya mini a rai shi ne na al'ummar Farsi da ke Mumbai. A addininsu ba sa binne mamaci, ba sa ƙonawa, a kan hasumiya suke ajiye shi tsuntsaye su yi aikinsu. Da ungulu ta ɓace, iyalai suka shiga baƙin ciki biyu, ga rashi, ga jana'izar da ta ƙi kammaluwa. Sai da aka kafa madubai masu tara zafin rana a kan hasumiyar.

[Hoto: sheƙa a kan bishiya, ɗan tsako shi kaɗai]

Nan hotunanmu suka ƙare, saura wannan guda ɗaya, don haka za mu ɗan tsaya a kansa.

Kaza na yin ƙwai goma sha, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ɗaya tak. Uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 50, sannan su yi wata uku zuwa huɗu suna kawo abinci kafin ɗan ya iya tashi. Shi kuma sai ya yi shekaru kafin ya yi nasa ƙwan. Waɗancan 537 na Botswana a lokacin kiwon 'ya'ya aka kashe su, kuma lissafin bai haɗa da na cikin sheƙa ba, masu buɗe baki duk sanda inuwa ta gifta.

Mun yi kwana uku muna zuwa kwatar da kuka gani a farko da kyamara, tun daga asuba har azahar. Wani dattijon mahauci ya tambaye mu abin da muke jira. Da muka faɗa masa sai ya daina wasa wuƙa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce, "Yaro, ka makara."