Daren da ƙasa ta motsa muna gasa naman Sallah

Wannan laccar wani ɗan garinmu ne ya yi ta a filin firamare nan ƙasar Auyo bayan la'asar, shi ne wanda ya je karatun noman shinkafa Indonesiya ya dawo. Na ɗauka a waya na zauna na rubuta saboda 'yan uwa da ke Kano da Legas. Inda iska ta cinye maganar na tsallake.

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah gafarta malam. Iyayena maza, iyayena mata da ke can jikin aji, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma.

Samari sun ce in zo in yi magana kan shinkafa, toh shinkafar tana nan sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Amma tun da na dawo duk wanda ya shigo yi min sannu da zuwa tambayarsa ɗaya ce, wai da gaske ƙasar can rawa take yi, kuma ya mutane suke iya barci? Shi ne na ce bari in amsa a gaban kowa, don akwai abin da na gani a can da ya shafe mu mu ma.

Garin da na zauna sunansa Yogyakarta, su Jogja suke cewa, a tsibirin Jawa yake. Arewa da shi akwai dutse mai aman wuta, Merapi, in gari ya waye tas kana hango hayaƙi a kansa, kudu kuma teku. Ni ɗaki na kama a gidan wani dattijo manomi a yankin Bantul, mutane ne musulmi, manoman shinkafa kamar mu, kowace unguwa da masallacinta, in ka ji kiran asuba sai ka ɗauka gida kake.

Dalilin motsin ƙasarsu shi ne ɓawon duniyar nan ba guda ɗaya ba ne, fale-fale ne, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta. Su a bakin ɗinkin suke zaune. Falen da ke ɗauke da Ostireliya yana kutsawa ƙarƙashin wanda Jawa ke kai, a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar tsirar farce. Sai ya cije ya tsaya, ƙarfi na taruwa na taruwa, ranar da ya suɓuce shi ne girgizar. Kamar dai kana jan turken da ya kafe, ka ja ka ja, lokacin da zai fita sai ya fita da kai gaba ɗaya.

Ƙanana na sha jin su, ka ga labule ya ɗan yi lilo shi kenan, ko kallo ba ta ishi mutanen gari ba. Wadda zan ba ku labari ta ranar Juma'a ce, 30 ga Yuni 2023, cikin kwanakin Babbar Sallah. Mun idar da isha'i, can da wuri ake yi, ƙarfe takwas saura kaɗan muna zaune a baranda ana gasa naman layya a tsinke, tsire irin nasu da suke kira sate, jikan gidan yana fifita gawayi. Sai na ji wani gum daga ƙasa kamar tirela ta wuce bayan gida, alhali lungun ko a-kori-kura ba ta shiga. Ban gama tunani ba sai dakalin da nake kai ya fara tafiya da ni, gaba baya, irin yadda kwalekwale yake yi in kwale-kwale mai inji ya wuce ta gefenku a kogin Haɗeja. Shayin da ke kofina ya zube a ƙafata. Rufinsu ba kwano ba ne, gasasshiyar jar ƙasa ce fale-fale ake jerawa a kan katako, toh ita ce ta ɗau ƙara kacau kacau, unguwa gaba ɗaya, ga karnuka ga kaji. Wallahi gabana ya faɗi, bakina ba abin da ke fita sai Innalillahi, Izazul da muka haddace a makarantar allo ita ta faɗo min a rai.

Abin da tsohuwar gidan ta yi shi nake so iyayena mata su ji. Tana kicin ruwa na kan wuta, kafin ta ɗaga ƙafa sai da ta murɗe kan gas. Ta fito ta fizgi hannun jikanta, ta kifa masa faranti a ka, irin na silba ɗin nan, saboda jar ƙasar rufin in ta zamo daga sama kai take nema. Ba ta tsaya bakin ƙofa ba, ba ta tsaya jikin katanga ba, tsakiyar hanya ta nufa inda ba waya ba bango. Ba gudu ba ne irin na wanda ya ruɗe, sauri ne na wanda ya san inda za shi. Mai gidan ya kama kafaɗata ya ce taho, muka bi bayanta. Ko'ina ana cewa lindu, lindu, wato girgiza da yarensu, wasu na kabbara, wani kuma ya kama dukan kentongan, wani icce ne mai rami da suke rataye shi a rumfar 'yan sintiri, aikinsa irin na gangar da ake bugawa a nan in gobara ta tashi.

Duka-duka ba ta kai minti guda ba. Tana tsayawa kowa ya zaro waya, saboda hukumar da ke lura da yanayi da girgizar ƙasa, BMKG, cikin 'yan mintuna take sanarwa. Aka ce a ma'aunin ƙarfin girgiza wajen maki shida ce, a cikin teku kudu da Bantul, kuma ba za ta tayar da igiyar nan ta tsunami ba. Wannan kalmar ta ƙarshe ita kowa yake jira, don in an ce akwai, na bakin teku ba zama, sai tudu. Ana jin babu sai ka ji ajiyar zuciya layi guda.

Toh daga nan ne na fara ganin abin da ban taɓa gani ba. Dattijon nan bai ce kowa ya koma ciki ba, tocila ya ɗauko. Ya zagaye gidan kusurwa kusurwa yana haskawa yana shafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya duba katakon rufi, ya sunkuya ya shinshina tukunyar gas, ya leƙa rijiya. Ya samu tsaga ɗaya siririya a saman tagar ɗakina, ya ɗauko guntun gawayi cikin wanda muke gashi da shi ya ja layi a inda ta tsaya, ya ce gobe in ta wuce layin nan ka fita daga ɗakin. Samari kuma suka bi gidajen tsofaffi da marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Sai da aka gama wannan sannan aka dawo kan nama, aka hura wuta aka ci gaba da ci. Daren ba a sa sakata ba, babur an juya kansa waje da makulli a jiki, wasu a baranda suka shimfiɗa tabarma saboda ƙananan girgizar da ke biyo baya, kuma sun biyo. An samu gidajen da suka tsage da rufin da ya zube a Bantul da maƙwabciyarta Gunungkidul. Amma da safe mai kayan miya ta zo a kan kekenta, mai gidana ya saɓi fartanya ya tafi gona, ya biya ta ɗakina ya duba layin gawayi, tsagar ba ta motsa ba.

Na tambaye shi, Baba, ku ba ku jin tsoro ne? Ya ce wa ya gaya maka. Sai ya ba ni labarin Asabar 27 ga Mayu 2006, shida saura na safe, mata na ɗora tukunya yara na shirin makaranta. Maki 6.3 ce, amma a tudu ta fashe dab da su kuma ba ta da zurfi. Sama da mutum 5,700 suka rasu, mafi yawa a Bantul ɗin nan. Ƙanensa yana ciki, bangon ɗaki ne ya danne shi taku uku tsakaninsa da ƙofa. Ya ce gidajensu na da jan bulo ne aka ɗora aka ɗora ba rodi, ga rufi mai nauyi a kai. Da suka zo sake gini, aikin gayya suka yi rukuni rukuni, kowace kusurwa sai da aka tsayar da ginshiƙin rodi da kankare, aka zagaye saman bango da linta ta haɗe ko'ina kamar an yi wa gidan ɗamara. Kabad ɗinsu ɗaure yake da bango, ba a ajiye abu mai nauyi saitin kan mai barci, takardun gona da na haihuwa suna cikin leda a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Jikan nan da aka kifa wa faranti, a makaranta ana koya musu shiga ƙarƙashin tebur a kare kai sannan a fita fili a layi. Dattijon nan ba ya rabo da cewa Allah ne mai tsarewa, kuma tocilarsa kullum da caji.

Maganar maki ɗin nan kada ta ruɗe ku. Daga biyar zuwa shida ba ƙarin ɗaya ba ne kamar kwanon awo, ƙarfin yana ninkawa wajen sau 32. Kuma lambar kaɗai ba ta gaya maka ɓarna. A Cianjur, can yammacin Jawa, ranar 21 ga Nuwamba 2022, maki 5.6 ce kawai, matsakaiciya, amma ta kashe sama da mutum 300, da yawa yara, saboda a ƙarƙashin gari take ba zurfi kuma gine-ginen ba su da ƙwari. Ta Maroko ta Satumbar 2023 kuwa, 6.8, ƙauyukan kan dutse ta fi yi wa illa, ginin ƙasa da duwatsu, kusan mutum 3,000. Da na ga hotunan a waya, katangun da azarar kamar na unguwarmu, na daɗe ban iya magana ba.

Mu Alhamdulillahi muna nesa da bakin ɗinkin. Ana ɗan jin motsi jefi-jefi, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018, mutane suka fito waje a firgice, amma ba irin waccan ba ce. Sai dai iyayena, ku gafarce ni, mu ba ma jiran ƙasa ta motsa bango yake faɗo mana. Duk watan Agusta sai mun ji ɗaki ya rufta da mutane cikin dare. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba wanda zan ba labari a wajen nan, kun fi ni sani, wasunku a ajin nan na bayanmu kuka kwana da iyali. Kuma bangon da ya faɗi ɗin nan ba ranar ya fara ba. Gindinsa ya daɗe yana cin ruwa yana zaizayewa, indararo ya karye ruwa na bin jikinsa, gara ta cinye azara, tsaga ta buɗe har ƙadangare na shiga, muna wucewa muna gani muna cewa sai bayan girbi. Na bulo ma ba su tsira ba, buhun siminti ɗaya a ce sai an fitar da bulo fiye da ƙima, ka murza da yatsa yana zuba, a ɗora gini ba rodi ko ɗaya a kusurwa. Wannan yana ci min rai sosai, don yaran da ake shimfiɗa wa tabarma a gindin katanga saboda zafi namu ne.

A nan wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, ɗana, in ta samu mutum yana cikin sallah fa?

Yauwa Baba, wannan ta faru. A 2018 lokacin girgizar tsibirin Lombok can Indonesiya, wani liman a tsibirin Bali da ke kusa yana jan sallah masallaci na rawa, ya dafa bango da hannu ɗaya ya ci gaba da karatu, wasu mamu suka fita wasu suka tsaya, bidiyon ya zaga duniya. Malamansu sun yi bayani a lokacin cewa wanda ya yanke don tsira da ransa bai yi laifi ba, sai ya sake daga baya. Amma ga Malam a zaune, shi ne mai wannan fagen.

Liman ya ce haka ne, kiyaye rai wajibi ne, ko bango ka ga zai faɗo wa yaro kana sallah ka yanke ka ɗauke shi.

Wata daga cikin iyaye mata ta aiko yaro da tambaya, wai layin gawayin nan yana aiki a ginin ƙasa?

Yana yi Inna, har ya fi sauƙin gani. Ki ja layi a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ki samu tsinken tsintsiya ki gwada faɗinta ki karya daidai wurin ki ajiye. Bayan kowane ruwa ki duba. In ta wuce layi, ko tsinken ya shiga yana lilo, ko kika ga ƙofar ɗakin ta fara cijewa alhali da ba ta yi, a kwashe yara daga ɗakin a daren, a kira magini da safe. Ki ƙwanƙwasa azara da sanda, in ta yi ƙarar holoƙo gara ta gama da cikinta.

Na riga na yi magana da samari, da izinin Mai gari ranar Asabar bayan an karya kumallo za mu zaga, mu da magina biyu. Za mu fara da gidajen da ba namiji a ciki da na tsofaffi, daga bakin kududdufi mu yi gabas. Mai tocila ya zo da ita saboda cikin soro duhu, mai tsani ya ara mana. Gawayi kam kowane gida akwai.

Nan aka kira magariba, na kashe wayar.