Aikin Abuja ya samu: a tashi da iyali ko a raba tukunya?

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar cikin gida muka kawo muku. Autanmu ya samu takardar ɗaukar aiki a Abuja, an ba shi mako biyu ya ba da amsa. Auta, su ji daga bakinka.

Auta: To Yaya, shekarata shida a inda nake aiki nan Kano. Albashin sabon wurin ya kusa ninka nawa. Amma tun ranar da takardar ta zo ban yi barcin kirki ba. Ga Hajiya, ga maiɗakina, ga yara biyu a makaranta.

Anti: Bar maganar albashi tukuna. Da su za ka tafi, ko kai kaɗai?

Auta: Na so in fara zuwa ni kaɗai, Anti, in ga kamun ludayin garin.

Yaya: Nan gizo ke saƙar. Ni ma haka na ce, wata shida kawai, sai ga shi na yi shekara huɗu a Mararaba. Ofishinmu yana Wuse, amma hayar cikin gari ta fi ƙarfina, sai na koma ɓangaren Nasarawa kamar dubban ma'aikata. Ina sallame sallar asuba nake fita, don idan gari ya waye ya same ka a hanyar Nyanya, to ka makara. Da daddare in dawo ɗaki ɗaya, in dafa taliya a ƙaramin risho, in ci a tsaye. Haya biyu, cefane biyu, kuɗin wuta biyu. Ƙarin albashin da na yi murna da shi, tukunya ta biyu ce ta cinye shi.

Auta: Ai Juma'a zan riƙa dawowa.

Yaya: Fiye da kilomita 400 ne fa, ta Kaduna da Zariya. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 kuwa a Rigasa ta Kaduna yake ajiye ka, sauran tafiyar ta mota ce. Kuma ni lokacina akwai tallafin mai. Tun da aka cire shi a Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Duk mako zai zama duk mako biyu, daga nan duk wata. Wata ranar na shigo gida da tsaraba, ƙaramar 'yata ta ruga ta ɓuya bayan uwarta, ta ƙi zuwa hannuna sai washegari. Har yau abin yana raina.

Anti: Allah sarki. Amma Yaya, kada mu tsorata shi. Ni dai ina ganin ya karɓa, in har za a tashi gaba ɗaya. Yaro ne, yanzu ne lokacinsa, kuma a fannin nasa can ne hanya ta fi buɗewa.

Yaya: Ban ce kada ya je ba. Rabin tafiya nake ƙi.

Anti: To Auta, albashin da ke takarda, kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire?

Auta: Kafin a cire ne.

Anti: Ka gani. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga naka, su kuma su zuba kashi 10. Daɗin abin, asusun naka ne, duk inda ka koma yana bin ka. Ka lissafa abin da zai shigo hannunka, sannan ka ɗora hayar shekara guda da ake biya lokaci ɗaya, da kuɗin dillali, da na lauya, da na ajiya saboda ɓarna. Ka tambayi Kubwa, ka tambayi Lugbe, har Suleja. Sun ce za su ba ka kuɗin tashi?

Auta: A baki dai sun faɗa.

Anti: Su rubuta. Haka ma watannin gwaji, su rubuta ko nawa ne. Kada ka kwashe yara daga makaranta alhali ba a tabbatar da kai ba.

Yaya: Kuma da yake ka haura shekara biyar, dokar ƙwadago ta ce wata guda za ka ba da sanarwar barin aikinka na yanzu, sai dai in yarjejeniyarku ta ce fiye da haka. Ku rabu lafiya da mutanen nan, sun riƙe ka.

Anti: Ita maiɗakin naka fa, me ta ce? Tana koyarwa, tana da ɗinkinta, duk masu kawo mata aiki a unguwar nan suke.

Auta: Cewa ta yi duk yadda na yanke.

Anti: Kunya ce ta sa ta faɗi haka, ƙanena. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka ce ita me take so.

Auta: Yau da daddare in sha Allah. Gobe kuma in kira su kan kuɗin tashi da watannin gwaji. Hajiya ce dai ban san ta inda zan fara ba.

Yaya: Tare za mu shiga wurinta bayan la'asar. Ni da Anti muna nan, ba za ta rasa mai kai ta asibiti ba. Masu sauraro, sai mako mai zuwa, za ku ji amsar da suka ba shi.