Ciwon haƙori ya taso cikin dare: me za ka yi kafin ka ga likita?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙarfe biyun dare ne, ga ka zaune a bakin katifa ka dafe kunci, haƙori na bugawa kamar ana doka guduma, zafin ya hau kunne ya hau rabin kai, ka kwanta ya ƙaru ka tashi bai bari ba, kuma ga shi daren Asabar ne, sashen haƙori na asibiti sai Litinin. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san abin da nake nufi. Toh yau a kan waɗannan awannin za mu yi magana, tsakanin tasowar ciwo da zamanka a kujerar likitan haƙori.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi sauran bayanin zai zauna maka. Haƙori daga waje ƙashi-ƙashi ne, farin ɓawon nan ma shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma a can tsakiyarsa akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Ƙwayoyin cuta na baki suna cin ragowar suga, alawa ce, lemon kwalba ne, shayin nan mai cokali huɗu ne, sai su fitar da wani tsami da ke cin haƙorin a hankali har ya yi kogo. Ran da kogon ya kai ɗakin jijiya sai wajen ya kumbura. Kuma ka ga in yatsanka ne ya kumbura fata za ta ba shi wuri, amma cikin haƙori bango ne ta ko'ina, ba inda kumburin zai je sai dai ya matse jijiyar. Shi ya sa zafin yake bugawa tare da bugun zuciya, shi ya sa kuma in ka kwanta flat jini ya ƙaru a kai sai abin ya ninka. Don haka abu na farko mai sauƙi, tara filo biyu ko uku, ko ka jingina da bango, kai ya fi ƙirji tsawo.

Sai magani. Wanda kowa ya sani, farasitamol. Babban mutum zai iya shan ƙwaya biyu ta 500mg, ya bar aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24, wato gram 4 kenan. Dan Allah a riƙe wannan lissafin da kyau. Na san zafi yana sa mutum ya ce bari in watsa huɗu lokaci guda, amma farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma ba a take za ka ji ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ɓarnar take bayyana. Sannan ka duba kwalin sauran magungunan da kake sha, domin Panadol ai farasitamol ne, kuma yawancin maganin mura akwai shi a ciki, kar ka haɗa ka wuce ƙa'ida ba ka sani ba.

Na biyu ibuprofen, kuma gaskiya a ciwon haƙori ya fi farasitamol aiki saboda shi kumburin yake ragewa. 400mg duk bayan awa 8, bayan ka ci wani abu ko da kunu ne, kada ka wuce 1200mg a rana in ba likita ne ya ce ba. Za a iya haɗa shi da farasitamol, hanyar aikinsu daban ce, haɗin ma ya fi kowannensu shi kaɗai. Amma ba na kowa ba ne. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, su tsaya a farasitamol kawai. Kuma kar a haɗa ibuprofen da diclofenac ko asfirin, 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙwaƙule maka ciki. Irin haɗin nan da ake ƙullowa a leda a wasu kemis, kala biyar ba suna ba kwali, ka tambaya mene ne a ciki kafin ka kai baki. Tramadol kuwa ka bar shi inda yake. Yara su kuma da nauyinsu ake auna musu farasitamol ko ibuprofen, a bi abin da ke jikin kwalbar, kuma yaron da bai kai shekara 16 ba ba a ba shi asfirin.

Cikin kicin ma akwai taimako. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure baki kamar daƙiƙa 30 ka zubar, ka maimaita sau uku ko huɗu a yini. In abinci ya maƙale a kogon ka fitar da shi a hankali da buroshi ko zaren haƙori, banda allura, banda tsinken ashana. Sai kanumfari, wanda iyayenmu suka daɗe suna amfani da shi kuma ba su yi kuskure ba, akwai wani mai a cikinsa da ake kira eugenol da ke ɗan kashe zafi, likitocin haƙori kansu suna amfani da shi a cikon wucin gadi. Ka ɗora ƙwara ɗaya a gefen haƙorin ka ɗan danna ta. In man kanumfari ne da kai, ɗigo ɗaya a auduga ya isa, a kan haƙori kawai, don in ya zuba a dasashi yana ƙuna, kuma ba a sa wa ƙananan yara. In kunci ya ɗan tasa, naɗe ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi a tsumma ka ɗora daga waje minti 15 ka huta. Ruwan zafi kam kar ka gasa kumburi da shi. Ka tauna a ɗaya gefen, abinci mai laushi, kunu mai ɗumi-ɗumi, fate, a ɗan haƙura da ƙanƙara da shayi mai tururi.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci, abubuwan da mutane ke zubawa a baki. Ruwan batir, fetur, kalanzir, tabar gari, ko a daka asfirin a manna a dasashi. Akwai wani ɗan uwana da aka ba shi shawarar ruwan batir, ya ɗiga da auduga, washegari duk dasashinsa da gefen harshe sun yi fari sun saɓule, sati guda bai iya cin tuwo ba, haƙorin kuma yana nan da ciwonsa, ƙarshe dai cirewa aka yi. Ruwan batir asid ne jama'a. Asfirin ma asid ne, in an haɗiye shi yake aiki, in an manna shi nama yake ƙonawa. Sai masu cire tsutsa a kasuwa, a tura maka hayaƙi a nuna maka wasu fararen abubuwa a ruwa a ce tsutsar haƙorinka ce. Babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cutar da ke cinsa ido ba ya ganinsu. Kuma dan girman Allah kar a bari wani ya fizge maka haƙori da filaya a gida ko a gefen titi, saiwa na iya karyewa ta zauna a ciki, ga zubar jini, ga cutar hanta da ake ɗauka daga ƙarfen da ba a dafa ba.

Maganar Ampiclox da Flagyl da amoxicillin kuma, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta, mutane suna ɗauka su ne maganin ciwon haƙori. In jijiya ce ta kumbura a cikin haƙori ba su da abin da za su yi wa zafin. Likita yakan rubuta su ne in cutar ta fara yaɗuwa, ga kumburi ga zazzaɓi, kuma ko a lokacin sai an taɓa haƙorin kansa, ko ciko, ko a wanke jijiyar a cike, ko a cire.

Toh ga wajen da nake so a buɗe kunne sosai. Akwai ciwon haƙorin da ba ya jiran Litinin, ba ya ma jiran asuba. In kumburi ya sauko ƙasan muƙamuƙi ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa, ko ka kasa buɗe baki yatsu biyu su shiga, ko haɗiyar yawu ta gagara har yana dalala, ko murya ta canja, ko numfashi ya fara wuya, ko ga zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, a nemi Keke Napep ko motar maƙwabci a tafi sashen gaggawa yanzun nan. Mugunyar turmin haƙori na ƙasa tana iya bi ta ƙarƙashin harshe ta tura shi sama ta toshe hanyar iska, likitoci suna ce masa Ludwig's angina, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci in an yi sakaci. Mu nan Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, sashen gaggawa ba ya rufewa dare da rana. In kana Kaltungo ko Bajoga ko Dukku ko Kumo, ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba. Mai ciwon suga, mai juna biyu, tsoho da ƙaramin yaro, su ko kumburin kaɗan ne a kai su da wuri.

Abu ɗaya kuma da yake yaudarar mutane da yawa, bayan kwana biyu uku ana fama sai ka wayi gari zafi ya ɗauke ɗif, ka ce Alhamdulillah na warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuwa suna nan sun gangara gindin saiwa, bayan sati ko wata sai ga ƙurji. Don haka ko ya lafa ka je ranar Litinin ɗin, ka yi sammako ka yanki kati, ka tafi da kwalayen magungunan da ka sha, ka faɗa wa likita nawa ka sha da ƙarfe nawa, in kana da hawan jini ko suga ko ciki ka faɗa kafin a yi maka allurar kashe zafi. Kuma ka ci wani abu kafin ka fita, don bayan allurar bakin zai yi awa biyu zuwa uku a mace. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.