Darasin Keken Tsere: Gyara Birkinka Kafin Gangarar Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Darasin yau na waɗanda aiki ko karatu ya dawo da su Jos ne, suka shiga tseren ƙarshen mako, kafin wata ya zagayo sun sha ƙasa. Ƙarfin ƙafa kuna da shi. Matsalar ita ce a Kano ƙasa shimfiɗe take, birki sai a danja ko in ɗan adaidaita ya yanko maka. Jos kuwa tudu ce, wajen mita 1,200 sama da teku, duk abin da ka hau sai ka gangaro shi.

Ƙanena, matso da kyamarar nan. Yawwa.

Na farko, wane hannu ne birkin gaba? Kar ku yi dariya. Kekunan gwanjo da ke zuwa daga Ingila da Japan yawanci dama ce gaba. Na Amurka da Faransa kuwa hagu ce. In ka sayi sabon keke da ka iso, ko ka ari na aboki ranar tsere, matsa ka gani tun kana tsaye. Akwai wani bawan Allah da muke fita tare, keken aro ya hau, ya damƙi dama yana zaton baya ce. Ta saman kan keken ya wuce, ƙashin kafaɗa ya tafi.

To ga robar birkin. Cire taya kun iya, ba sai na nuna ba. Ɗauko alanki mai lamba 5... a'a, tsaya, wannan 4 yake ci. Sassauta kaɗan, kar ka kwance duka. Robar ta zauna a kan wili sosai, ka bar kamar milimita ɗaya daga sama. In ta taɓa taya za ta yi ta cin gefenta har ta fashe, kuma a gangara za ta fashe, ba a ƙofar gida ba. Yanzu ga inda ake wahala. Ninka ɗan kwali, na katin waya ma ya isa, ka sa a ƙarshen robar ta baya. Ta baya fa, wato ɓangaren da ke kallon bayan keke. Matse birki, riƙe, sannan ka ɗaure. Robar za ta so juyawa tare da alankin, sai ka danne ta da babban yatsa. Kun gani? Ta juya. Sake. Danne, ɗaure a hankali. Da ka zare kwalin, gaban robar ne zai fara taɓa wili, kukan da birki ke yi ya ƙare. Sai ka mayar da ɗan maƙunnin birkin da ka buɗe wajen cire taya, mutane na mantawa da shi.

Irin wannan robar ta Shimano muna da ita a shago, asali ba jabu ba. Wanda ya ce daga bidiyon nan yake, za mu yi masa sauƙi.

Iska kuma, ni a taya mai faɗin milimita 28 ba na cika ta ta yi tauri kamar dutse. Da damina ina ƙara ragewa, don nan ruwa na iya sauko maka ana tsakiyar tsere, jiƙaƙƙen wili kuma sai ya ɗan juya kafin birki ya kama.

A kwana, ka gama rage gudu kafin ka shiga. Hannu a lanƙwasar ƙasa ta kan keke, fedar waje a ƙasa, ka taka ta da nauyinka, ido a inda za ka fita. Yashin da ruwa ke tarawa a gefen kwana shi ne ke kwashe ƙafar gaba. Kuma tunda ba ka san 'yan tawagar ba tukuna, kar tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar wani ta baya. In ya kauce wa rami, kai ne za ka faɗi.

Kar ka ce ƙwararru ba sa taɓa birki. Gino Mäder a gangara ya faɗi a tseren Suwizalan a 2023, ya rasu. Shi kuwa hanya a rufe take, babu tirela. Don haka masu tambayata Hawan Kibo, gangarar nan ta hanyar Jos zuwa Akwanga da tireloli ke bi, ni ba na kai baƙo can. Hular kwano in ta bugi ƙasa, ko ba ka ga tsagewa ba, a canza ta.

Ƙanena, miƙo famfo mu gwada ta baya. Mako mai zuwa sai giyar hawa.