Jifa daga bayan mota: me ya sa digiri 45 ba ta ci a nan?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku dubi wannan hanyar da ke bin gefen magudanar ruwa a gonakin Jazira ta ƙasar Sudan, a miƙe take, ƙasa kuma shimfiɗe kamar tabarma. Ga boksi, wato a-kori-kura, tana tafiyar kilomita 36 a awa. A bayanta wani saurayi ne zaune da lemo a hannu, yana son ya wurga shi gaba, ya faɗi nesa iyakar nesa. Yaya zai ɗaga hannunsa?

Duk wanda ya zauna ajin fiziks zai ce kusurwar digiri 45. Tun 1638 masanin kimiyyar nan na Italiya, Galileo, ya nuna haka, kuma gaskiya ne, amma ga wanda ke tsaye a ƙasa. A kan mota lissafin ya sauya.

Mu fara da mayar da gudun motar zuwa mita a daƙiƙa. A raba 36 da 3.6, ya ba da 10. Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, su zuba kilomita a awa cikin lissafin mita, amsa ta fito ba kai ba gindi. Mu ɗauka hannun saurayin ma yana sakin lemon da gudun mita 10 a daƙiƙa.

Tun lemon yana cikin hannu, ya riga ya samu mita 10 na tafiyar gaba kyauta daga motar. Abin da motar ba za ta iya ba shi ba shi ne tashi sama, kuma tashin nan shi ke sayo lokaci a iska. Kowace daƙiƙa da ya ƙara a sama, gudun motar na tura shi wasu mita 10. Saboda haka ƙarfin hannu ya fi amfani idan aka karkata shi sama.

Ga lambobin, da jan ƙasa na 9.8. A digiri 45, gudun sama 7.07 ne, lemon zai yi daƙiƙa 1.44 a iska, gudun gaba kuma 17.07, ya sauka a kusan mita 24.6. A digiri 60, gudun sama ya kai 8.66, lokaci ya zama 1.77, gudun gaba ya ragu zuwa 15, amma nisan ya kai mita 26.5. Aka wuce zuwa 75, sai ya dawo 24.8. To, 60 ce ta ci. Da motar a tsaye take, mita 10.2 kawai zai samu.

Ƙa'idar ga ta a allo. Mu kira gudun mota u, gudun jifa v. A ninka u da kanta, a haɗa da sau takwas na v ninke da kanta, a fitar da sikwaya rut (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar), a cire u, a raba da v sau huɗu. Abin da ya fito shi ne kosain na kusurwar, wato lambar da kalkuleta zai mayar maka zuwa digiri. Sanya u sifili, ka ga 45 ta dawo. Idan motar ta ninka gudun jifa, kusurwa ta haura 68. Idan kuwa baya za a jefa, motar na tafiyar rabin gudun hannu, sai ta sauko wajen 33.

Wani abu mai daɗi: manomin da ke tsaye bakin hanya ba zai ga 60 ba. Shi a idonsa lemon ya tashi ne a digiri 30, don yana ganin gudun motar haɗe da na hannu. A jifa mafi nisa, kusurwoyin nan biyu kullum suna cika 90.

A lura, daga inda aka saki lemon a ƙasa muke awo. In kana auna tazararsa da motar ce, wadda ita ma tafiya take, 45 na nan daram.

A fili kuwa abubuwa uku ke rage kusurwar. Bayan mota ya ɗara ƙasa tsayi, lemon ya samu ƙarin lokacin faɗuwa. Iska na tokare shi, kuma idan gudu ya ninka, turjiyarta takan kusan ninka sau huɗu, shi ya sa abu marar nauyi kamar ƙwallon roba ke komawa bayan motar. Sannan kafaɗar mutum ba ta jifa da ƙarfi ɗaya a kowace kusurwa, in hannu ya yi sama sosai gudun yakan ragu.

Mai son gwadawa ya nemi fili babu mutane babu dabbobi, ranar da iska ta kwanta, ba lokacin habub, wato guguwar ƙura, ba. Direba ya riƙe gudu ɗaya, mai jifa ya zauna ya kama ƙarfe da ɗaya hannun. A ja layi da toka a inda za a saki, a yi jifa biyar a kowace kusurwa, a auna da tef, a ɗauki matsakaici.